Tsibirin Clipperton: tambayoyi da amsoshi kan wani zoben murjani a tsakiyar teku

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa da tarihi a nan Maradi, kuma kusan kowace shekara, idan muka zo darasin yankunan da Faransa ke riƙe da su a ƙetaren teku, sai an sami ɗalibin da zai ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo da ke shi kaɗai a gabashin tekun Pasifik ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne?" Ɗigon nan shi ne Clipperton. Littattafan lakkwal ba sa ba shi fiye da layi ɗaya, alhali labarinsa ya cancanci a zauna a kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da abokan aiki suka fi yi mini, na tattara su tare da amsoshinsu.

A ina tsibirin yake?

Yana gabashin tekun Pasifik, kudu maso yamma da ƙasar Meksiko, kimanin digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato kusan a layi ɗaya da Kaduna, ɗan kudu da mu. Tsakaninsa da gaɓar Meksiko akwai kimanin kilomita 1,080, kuma busasshiyar ƙasar da ta fi kusa da shi ita ce tsibirin Socorro, wanda shi ma yana nesa da kilomita 945. Mu da muke ganin teku ta yi mana nisa, ya kamata mu lura cewa tazarar da ke tsakanin Maradi da bakin teku a Legas, idan aka ja layi miƙaƙƙe, ba ta kai tazarar da ke tsakanin wannan tsibiri da babbar ƙasa ba. Paris kuwa, inda ake yanke hukunci a kansa, tana nesa da shi da fiye da kilomita 10,000.

Mene ne tsibirin murjani, kuma me ya sa yake da siffar zobe?

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen wuya da ake sa wa amarya, kuma mutane da yawa suna ɗaukar sa dutse ne da ake haƙowa. A gaskiya ƙashin wata ƴar ƙaramar dabbar ruwa ne. Jan murjani na ado ya fi fitowa daga tekun Bahar Rum, kuma ba ya gina tsibiri. Danginsa na ruwan ɗumi su ne magina. Kowace ƴar dabba tana fitar da sinadari irin na alli ta yi wa kanta mazauni, idan ta mutu sai wata ta yi gini a kan nata, haka nan har dubban shekaru, sai a wayi gari an sami katanga a cikin teku. Sharaɗinsu shi ne ruwa mai ɗumi, mai tsabta, marar zurfi, saboda akwai wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin jikinsu suna sarrafa musu abinci da hasken rana.

Batun zobe kuwa, masanin nan na Ingila Charles Darwin ne ya yi bayaninsa a 1842. Da farko dutse mai aman wuta ne ke tasowa daga ƙasan teku ya zama tsibiri, sai murjani ya kewaye gefensa. Bayan wutar ta mutu dutsen yakan riƙa nutsewa a hankali, murjanin kuwa yana ci gaba da gini zuwa sama don kada haske ya kuɓuce masa. A ƙarshe dutsen yakan ɓace a ƙarƙashin ruwa, ya bar katangar murjani a kewaye da tabki a tsakiya. An yi fiye da shekara ɗari ana gardama kan wannan bayani, sai a 1952 aka haƙa rami a Enewetak, wani zoben murjani da ke yammacin tekun Pasifik, aka ratsa murjani mai kaurin fiye da mita 1,200, aka tarar da dutsen aman wuta a ƙasa kamar yadda ya faɗa. Abin da ya bambanta Clipperton da yawancin irinsa shi ne nasa dutsen bai gama nutsewa ba: a kudu maso gabashin zoben akwai wani baƙin dutse mai tsawon mita 29 da ya rage a tsaye, kuma shi ne wuri mafi tudu a tsibirin.

Yaya girmansa yake?

Kewayen zoben kimanin kilomita 12 ne, tafiyar da mai ƙarfi zai gama tsakanin hantsi da azahar. Busasshiyar ƙasar ba ta kai murabba'in kilomita 2 ba, wato wajen hekta 170. Faɗin zoben yakan kai mita 400 a yamma, amma a arewa maso gabas yakan tsuke har ya koma mita 45, inda igiyar ruwa kan tsallaka ta faɗa cikin tabkin idan teku ta tashi. In ban da dutsen nan, yawancin ƙasar ba ta ɗara saman teku da fiye da mita 2 ba.

Akwai ruwan sha?

Babu rijiya, babu ƙorama. Amma ruwan sama yana sauka ƙwarai, tsakanin milimita 3,000 zuwa 5,000 a shekara, mu kuwa a Maradi idan muka sami wajen 500 sai mu ce damina ta yi. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwan yakan zo da guguwar teku mai ƙarfi.

Tabkin tsakiya abin mamaki ne. A da yana da mashiga da ta haɗa shi da teku, amma wajen tsakiyar ƙarni na 19 yashi da ɓaraguzan murjani suka toshe ta, tun daga nan ruwan sama ke taruwa a kan tsohon ruwan gishiri ba tare da sun gauraya ba. Wanda ya san tabkin Madarunfa zai iya kwatanta faɗinsa a zuciya, sai dai wannan kusan babu kifi a cikinsa. Ruwan saman yana da ɗan gishiri kaɗan da dattin kashin tsuntsaye, amma wanda ya matsu yana iya sha: a 1962 wani jirgin kamun kifi mai suna Monarch ya nutse a kusa, ma'aikatansa tara suka yi kwana 23 a tsibirin suna shan wannan ruwa da na kwakwa har aka cece su. Ƙasa da zurfin mita 15 kuwa, ruwan ba shi da iskar shaƙa, cike yake da wani sinadari mai warin baragurbi wanda ke ƙona fata.

Daga ina ya samo sunansa?

Sunaye biyu gare shi. Ranar 3 ga Afrilu 1711 wasu matuƙan jiragen ruwa biyu na Faransa, Martin de Chassiron da Michel Dubocage, suka hango shi suka zana taswirarsa, kuma da yake ranar ta dace da Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da wahalar Almasihu, suka sa masa suna Île de la Passion. Sunan da ya fi bin sa kuwa na John Clipperton ne, wani ɗan fashin teku ɗan Ingila da ya yi yawo a wannan yanki a farkon ƙarni na 18. Tun 2022 dokar Faransa ta haɗa sunayen biyu, ana ce masa La Passion-Clipperton.

Me ya kai mutane wurin da ba abinci ba ruwa?

Taki ne ya kai su. Manomin gero da gyaɗa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan darajar kashin kaji ko na tantabara a gona. Tsuntsayen teku sun yi dubban shekaru suna sauka a irin waɗannan tsibirai, kashinsu ya taru ya daskare ya zama ma'adini mai sinadarin fosfat, irin wanda muke da shi a ƙarƙashin ƙasa a jahar Tawa. A ƙarni na 19, kafin a ƙware wajen haɗa takin zamani a masana'anta, gonakin Turai da Amurka sun gaji, wannan kashi ya zama haja mai tsada, har Amurka ta kafa doka a 1856 wadda ta ba ƴan ƙasarta damar kama duk tsibirin da ba mai shi idan akwai wannan taki a kansa.

Wannan ne ya sa Faransa ta yi hanzari. Ranar 17 ga Nuwamba 1858 wani hafsan sojan ruwa, Victor Le Coat de Kerveguen, ya yi shelar cewa tsibirin ya zama na Sarki Napoleon na Uku, aka buga sanarwar a wata jarida a birnin Honolulu na tsibiran Hawaii, daga nan Faransa ba ta ajiye kowa a wurin ba. A shekarun 1890 wani kamfanin Amurka ya fara haƙar takin, a 1897 Meksiko ta aiko da jirgin yaƙi ta kafa tutarta, daga baya wani kamfanin Ingila ya karɓi aikin haƙar da izinin Meksiko. Takin bai yi kyawun da aka zata ba, loda shi kuma wahala ce saboda babu inda jirgi zai tsaya lafiya, don haka cinikin bai daɗe ba.

Me ya sami mutanen Meksiko da suka zauna a can?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya tsaya a kanta, domin a nan ne tarihin tsibirin ya daina zama na tutoci ya koma na mutane.

A 1906, zamanin shugaba Porfirio Díaz, Meksiko ta gina hasumiyar fitila a kan dutsen nan, ta girke sojoji ƙarƙashin wani matashin hafsa mai suna Ramón Arnaud, wanda aka naɗa gwamnan tsibirin. Sojojin sun zo da matansu, an haifi ƴaƴa a wurin, shi kansa Arnaud ya kawo amaryarsa Alicia Rovira. Zuwa 1914 mutanen tsibirin sun kai kimanin 100. Duk abin da suke ci, daga masara da wake har magani, jirgi ne ke kawo shi daga Akapulko, tashar jiragen ruwa a gaɓar Meksiko, bayan kowane wata biyu. Rayuwarsu gaba ɗaya a kan wannan jirgi ta rataya.

Juyin juya hali ya ɓarke a Meksiko a 1910, Díaz ya faɗi a 1911, mulki ya riƙa sauya hannu, kuma a 1914 jirgin abinci ya daina zuwa. A wannan shekarar wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Cleveland ya zo kwashe wasu ma'aikatan jirgi da suka yi hatsari a gaɓar tsibirin, aka yi wa Arnaud tayin a tafi da shi da mutanensa. Ya ƙi. Ana iya ganin laifinsa, amma a tuna cewa soja ne da aka ba amanar wuri, ba a aiko masa da umarnin tashi ba, kuma a daidai lokacin sojojin Amurka suna mamaye da tashar jiragen ruwa ta Veracruz a ƙasarsa. Ya yi zaton gwamnatinsa ba za ta manta da shi ba. Gwamnatin da ta aiko shi kuwa ta riga ta rushe, waɗanda suka gaje ta suna can suna yaƙi da juna.

Ciwo ya shiga cikinsu ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, maza suka fi mutuwa. A 1915 Arnaud ya hango abin da ya ɗauka jirgi ne yana wucewa, ya shiga ƙaramin kwalekwale da sauran sojojin da suka rage don su tare shi, kwalekwalen ya kife, suka mutu a kan idon matansu. Namiji baligi ɗaya ya rage, Victoriano Álvarez, mai tsaron fitila, tare da mata da yara 15. Maimakon ya zama garkuwarsu, sai ya naɗa kansa sarki, ya shiga yi wa matan fyaɗe, ya kashe waɗanda suka ƙi. Kusan shekara biyu suna cikin wannan hali, ba hukuma, ba maƙwabci, ba inda za a gudu. A watan Yuli 1917 ɗaya daga cikin matan, Tirza Rendón, ta kashe shi. Jim kaɗan bayan haka, ranar 18 ga Yuli, jirgin yaƙin Amurka Yorktown ya iso, ya kwashe mutum 11 da suka rage, mata huɗu da yara bakwai, cikinsu har da Alicia Rovira da ƴaƴanta, ya kai su tashar jiragen ruwa ta Salina Cruz a Meksiko.

Idan na ba da wannan labari a aji ɗalibai sukan fi tambaya a kan Álvarez, kuma muguntarsa ba ta da uzuri. Amma nakan ja hankalinsu ga abin da ya riga ta. An kai iyalai wurin da ƙasa ba za ta iya ciyar da su ba, don kawai tuta ta ci gaba da kaɗawa, sannan aka yi shekara uku ba wanda ya aika jirgi ya duba ko suna raye. Jirgin da ya cece su ma ba nemansu ya fito ba, sintirin yaƙin duniya na farko ne ya biyo da shi.

Ga kifi ga tsuntsaye ga ƙwai, me ya kashe su?

Ba yunwar ciki ce ta fi kashe su ba, rashin bitamin C ne. Jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa wannan sinadari da kansa, sai daga ganye da ƴaƴan itace, kuma dafaffen kifi da nama da ƙwai kusan ba su da shi. Idan mutum ya yi wata biyu zuwa uku bai samu ba, sai kasala ta kama shi, dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su buɗe, daga nan sai mutuwa. Faransawa suna kiran ciwon scorbut, kuma ya kashe matuƙan jiragen ruwa masu ɗimbin yawa a ƙarnonin baya. A lokacin itatuwan kwakwa ƴan ƙalilan ne a tsibirin, babu lambu, domin ƙaguwa na cinye duk abin da ya tsiro. Abin da ke zube a kasuwarmu ba a kula da shi, lemun tsami da gwaba da tumatir da garin ƴaƴan kuka da ɗanyen zogale, shi ne abin da ya gagare su.

To ta yaya ya koma hannun Faransa bayan Meksiko ce ta zauna a kansa?

Tun 1909 ƙasashen biyu suka amince su kai ƙara gaban Sarkin Italiya, Victor Emmanuel na Uku, ya raba gardama. Sai da aka yi shekara 22 kafin ya yanke hukunci, ranar 28 ga Janairu 1931, ya ba Faransa gaskiya. Meksiko ta ce ta gaji tsibirin daga Spain, sarkin ya ce ba a kawo hujjar cewa Spain ta taɓa mallakarsa ba, saboda haka a 1858 ba shi da mai shi. Ya ƙara da cewa tunda wuri ne da ba kowa, shelar da Faransa ta yi ta wadatar ko da ba ta ajiye mutum ba, kuma ba ta taɓa nuna niyyar sakin sa ba. Har yau ɗaliban dokar ƙasa da ƙasa suna karanta wannan hukunci.

Mu ma mun san irin wannan shari'a, domin a 2005 kotun duniya da ke Hague ta raba gardama tsakanin Nijar da Benin kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Isa, ta tabbatar wa Nijar da shi. Sai dai Lete wuri ne na makiyaya da manoma, ana rayuwa a kansa. A shari'ar Clipperton takardar da aka karanta a kan jirgi ce ta rinjayi kaburburan waɗanda suka zauna a wurin, kuma ban taɓa karanta hukuncin ba tare da wannan ya tsaya mini a rai ba.

Wa ya sake zama a can bayan 1917?

Ba wanda ya sake yin zaman dindindin. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya ziyarci wurin a 1938, sojojin ruwan Amurka kuma sun kafa tashar duba yanayi a 1944 zuwa 1945, suka tafi suka bar harsasai da tarkacen ƙarfe. Sojojin Faransa sun yi zaman ƴan watanni a kai a kai tsakanin 1966 da 1969. Mai binciken teku ɗan Faransa Jacques Cousteau ya je da masu ninƙaya a 1978, wani mai bincike ɗan Faransa, Jean-Louis Étienne, kuma ya jagoranci ayarin masana da suka yi wata huɗu daga ƙarshen 2004 zuwa 2005 suna ƙidayar halittun wurin.

Waɗanne halittu ke rayuwa a kansa?

Masu gidan na asali su ne tsuntsayen teku da wata ƙaguwar tudu mai launin ruwan goro. Abin da ya same su darasi ne da nakan yi amfani da shi idan ina bayanin yadda halittu ke dogara da juna. Masu haƙar taki sun kawo aladu, da mutane suka tafi aladun suka zama na daji, suka riƙa cin ƙaguwa da ƙwan tsuntsaye. Da ƙaguwa ta ragu sai ciyawa ta rufe tsibirin, tsuntsayen kuwa suka kusa ƙarewa. A 1958 wani masanin tsuntsaye daga Amurka, Ken Stager, ya tarar manyan fararen tsuntsayen da Faransawa ke kira fou masqué sun koma wajen 150, sai ya harbe aladun duka, su 58. Bayan haka tsuntsayen suka farfaɗo har suka haura 100,000 a farkon wannan ƙarni, ƙaguwa kuma ta yaɗu ta kai miliyoyi ta cinye ciyawar, tsibirin ya koma fili fetal sai kwakwa. Wajen shekara ta 2000 wani jirgin kamun kifi ya yi hatsari a gaɓar, ɓeraye suka sauka daga cikinsa, su ma suka kama cin ƙaguwa da ƙwai, ciyawa ta sake dawowa. Sau uku kamannin tsibirin ke sauyawa cikin ƙarni ɗaya, kuma kowane karo hannun mutum ne sanadi.

Me Faransa ke samu da riƙe shi?

Teku take samu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku ta ba ƙasa ikon cin arzikin ruwan da ke kewaye da gaɓarta har nisan kilomita 370. Ta wannan hanya ɗan zoben nan mai hekta 170 ya jawo wa Faransa yankin ruwa da ya haura murabba'in kilomita 400,000, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na faɗin Nijar, ko ninki goma na jahar Maradi. Ruwan yana da arzikin kifin tuna, kuma a ƙasansa akwai dunƙule-dunƙulen ma'adinai. Akwai masu jayayya, domin yarjejeniyar ta ce dutsen da ba zai iya ɗaukar zaman mutane ba ba shi da wannan haƙƙi, kuma tarihin 1917 hujja ce a hannunsu. A 2007 Faransa ta ƙulla yarjejeniya da Meksiko wadda ta ba jiragenta izinin kamun kifi a yankin, aka sabunta ta a 2017.

Tun 2007 tsibirin yana ƙarƙashin gwamnatin Faransa kai tsaye, wakilinta da ke Tahiti, tsibirin da Faransa ke riƙe da shi a kudancin Pasifik, nesa da fiye da kilomita 5,000, shi ke kula da shi. A 2016 an ayyana ruwan da ke dab da shi a matsayin wurin da aka kare. A ganina kariyar ta fi ƙarfi a takarda, domin ba mai gadi a wurin, jirgin sojan ruwa kuma sai jefi-jefi yake leƙawa.

Mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa?

Sai da izinin hukumomin Faransa a Tahiti, kuma yawanci masana da masu sha'awar rediyon nesa da masu ninƙaya ne ke nema. Babu filin jirgin sama mai aiki, babu tashar jirgin ruwa. Tafiyar kwanaki ce a teku daga Meksiko, idan an isa kuma babban jirgi yakan tsaya a nesa, a shiga ƙaramin kwalekwale a ratsa igiyar da ke dukan katangar murjani, kuma nan ne hatsari ya fi yawa. Ko manyan jirage ba su tsira ba, domin a 2010 wani jirgin dakon sinadarai mai suna Sichem Osprey ya maƙale a gaɓar har sai da aka janye shi.

Wanda ya sauka zai tarar da kurmin kwakwa inda sojoji suka taɓa yin sansani, da ƴar alamar siminti mai ɗauke da tutar Faransa wadda iska da gishiri ke yayyagawa kafin jirgi na gaba ya zo ya sauya ta, da tsatsattsun harsasan 1945. Zai kuma tarar da robobi da silifa da igiyoyin kamun kifi da teku ta kwaso daga ƙasashe masu nisa ta zube a kewayen zoben, har tsuntsaye suna ɗiba suna yin sheƙa da su.